Sayen kayan hoto daga shagunan intanet ga wanda ba shi da intanet: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga masu sana'ar hoto da masu sha'awarta, musamman dattawan da suka shekara da kamara a wuya amma basu saba da latse-latsen waya ba, da kuma waɗanda suke zaune inda sabis ke zuwa ya ɗauke. Na fara da masu sauƙi, masu ɗan zurfin suna can ƙasa.

Wai da gaske mutum zai iya sayen kaya a shagon intanet alhali shi ba shi da intanet?

Zai iya mana. Abin da mutane suke mantawa shi ne manyan shagunan nan yawancinsu sun girmi intanet ɗin ma, da wasiƙa da wayar tarho suka fara ciniki. Freestyle da ke Los Anjalas tun 1946 yake, B&H na birnin Niyok an buɗe shi a 1973, KEH masu kayan hannu sun fara a 1979. Kai ita kanta sana'ar ma a bayan gidan waya ta yi wayo, domin kamarar Kodak ta 1888 da fim ɗinta na hoto 100 take zuwa, in ka gama ɗauka ka naɗe kamarar gaba ɗaya ka aika wa kamfanin a birnin Rochester na Amurka su wanke, su dawo maka da hotunanka da kamarar an sake ɗura mata sabon fim.

Kuma ba kai kaɗai bane. A ƙididdigar hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2023, mutum wajen biliyan 2.6 ne basa hawa intanet, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya kenan. Hanyoyin da suka rage maka su ne buga waya, wasiƙa, fakis a wuraren da har yanzu suke da shi, ko ka sa wani ya yi maka. Sai dai ƙananan shagunan da aka haifa a intanet, irin waɗanda mutum biyu ko uku ke gudanarwa, wasunsu ko lambar waya basu da ita, waɗannan kam sai ta hannun wani.

To ta yaya zan san abin da suke da shi tunda bana ganin kayan?

Katalogi, wato kundin kaya da ake bugawa a takarda. B&H da Freestyle sun daɗe suna buga shi, ka kira ka tambaya ko akwai na bana kuma ko suna aikawa ƙasar da kake. Amma ka riƙe shi a matsayin littafin sunaye da lambobi kawai, farashin ciki tun ranar da aka buga yake fara tsufa, wani kayan ma ya ƙare a sito tun kafin kundin ya iso hannunka. Mujallun hoto na takarda su ma suna taimakawa duk da sun ragu sosai, Popular Photography da bayanta ke cike da tallan masu sayarwa ta gidan waya ta daina fitowa a takarda a 2017.

In babu kundi sam, mai ɗaukar wayar shi ne kundinka. Gaya masa aikin da kake yi da kamarar da kake riƙe da ita, ya karanto maka zaɓi biyu ko uku, kai kuma ka rubuta.

Me ya kamata na tanada kafin na buga musu waya?

Nan ne kusan duk ɓarnar take faruwa, shi yasa zan ɗan tsaya a kai. Wanda yake sayayya a intanet yana ganin hoton kayan, in ya ɗauko ba daidai ba idonsa zai gaya masa, kai kuwa kunne kawai kake da shi, saboda haka lambar kaya ita ce idonka. Kowane kaya yana da lambar kamfanin da ya ƙera shi, yana kuma da lambar da shagon ya ba shi a kundinsa, in ka samu duka biyun ka rubuta duka. Ɗauki kamarar a hannunka ka kwafi sunanta harafi da harafi kamar yadda yake a jikinta, kar ka ce Canon ɗina kawai ko Nikon baƙa, wannan ba bayani bane.

In idon kamara, wato lens, zaka saya ka san irin bakin da kamararka take da shi. Canon akwai EF tun 1987 akwai RF da ya fito a 2018, Nikon akwai F tun 1959 akwai Z shi ma na 2018, Sony kuma E, kuma wanda aka yi wa wannan baki baya hawa wancan sai da mahaɗi, wani ma ko da mahaɗin baya hawa, misali idon RF baya zama a kamarar EF ko ta yaya. Filta da murfi kuwa faɗin bakin idon ake bi, yana nan a rubuce a gabansa ko cikin murfin kusa da wani ɗan zagaye da aka ja wa layi, 52 ko 58 ko 67 ko 77, milimita ne. Batir ka ciro shi ka karanta jikinsa, LP-E6 daban LP-E10 daban duk da kamfani ɗaya ne. Katin memori kuma tsofaffin kamarori da yawa basa karanta SDXC, wato wanda ya haura giga 32, ka tambaya tukuna.

Sannan a waya haruffan B da D da E da P da T duk ɗaya suke a kunne, musamman in layin yana shan iska. Faɗi kowane harafi a hankali, ka haɗa shi da wata kalma da ta fara da shi, in ka gama ka roƙi mai wayar ya maimaita maka odar gaba ɗaya daga farko, da yawan kowane kaya da jimlar kuɗi har da na aikawa. Kar ka ajiye wayar sai ka karɓi lambar oda da sunan wanda kuka yi magana da shi. Wannan lambar zaka sake buƙatarta a wajen bin sawun kaya da wajen mayarwa, duba amsoshin can ƙasa.

Na kira lambar da ke jikin kundin taƙi shiga, me ke faruwa?

Galibi lambar kyauta ce ta cikin ƙasarsu, irin masu farawa da 800 a Amurka ko 0800 a Ingila, kuma yawancinsu basa shiga daga waje. Nemi lambar gari ta shagon, yawanci tana nan kusa da ita da ƙananan baƙaƙe. Ka kuma lura da bambancin agogo da ranakun hutunsu, B&H misali suna rufewa daga yammacin Juma'a zuwa ƙarshen Asabar da kuma ranakun bukukuwan Yahudawa, a lokacin ko ta intanet ɗin ma basa karɓar oda.

Har yanzu ana karɓar oda ta wasiƙa?

Wasu suna karɓa, amma ka fara kira ka tabbatar, kar ka saka kuɗinka a ambulan bisa zato. In kundin yana da fom a baya shi zaka cike, in babu ka ɗauki farar takarda ka rubuta da manyan baƙaƙe: lambar kaya, sunansa, guda nawa, adireshinka cikakke, da lambar wayar da za a same ka. Ƙara layi ɗaya ka faɗi abin da kake so a yi in kayan ya ƙare, a jira, a canza da makamancinsa, ko a dawo da kuɗi, domin rashin wannan layin ne yake sa oda ta kwanta sati da sati ana jiran amsarka. Ajiye kwafi. Tsabar kuɗi kuwa ba a saka ta a wasiƙa, in ta ɓata babu wanda zaka kama.

Ta wace hanya zan biya?

Mafi yawa kati ne ta waya, ka karanta musu lambar katin da ranar ƙarewarsa da lambobi uku na baya da adireshin da banki ya sani. Iyakarta kenan. Lambar sirrin da kake dannawa a na'urar cire kuɗi babu shagon gaskiya da zai tambaye ka ita, duk wanda ya tambaya ka kashe wayar. Kar kuma ranka ya ɓaci in sun ce odar farko sai adireshin da ke kan katin za su kai, ko suka sake kiranka don su tabbatar kai ne, in katin sata aka yi amfani da shi a irin wannan ciniki su ne asarar take hawa.

Akwai kuma cak, da takardar kuɗi ta gidan waya, da tura kuɗi banki zuwa banki, da biya in kaya sun iso a ƙasashen da ake yinsa. Cak yana jan lokaci don sai ya wanke kafin su saki kaya. Turawa ta banki ita masu saye daga wata ƙasa aka fi nema da ita, kuma ni ita na fi jin tsoro, saboda kuɗin da ya tafi ta nan dawo da shi wuya ne, ba kamar kati ba da bankinka zai iya shiga maganar in kaya basu zo ba. In dole sai ita, ka sa su aiko maka da takardar lissafi mai ɗauke da sunan shagon da lambar asusunsu, sannan ka kira lambar da kai ka sani ka tabbatar da asusun kafin ka tura ko sisi.

Sun ce sai na bada imel, ni kuma bani da shi

Ka gaya musu a fili cewa baka da shi. Sau da yawa kwamfutarsu ce take neman a cike gurbin ba wai doka bace, mai wayar yakan san yadda zai tsallake. Abin da zaka nema a madadinsa abu biyu ne, rasit na takarda a cikin kwalin, da saƙon tes ko kira ranar da kayan suka fita. In sun dage, bada imel ɗin wanda ka amince da shi kuma yake dubawa, ba wanda zai ga saƙon bayan wata guda ba.

Yaya zan bi sawun kayana a hanya?

Da lambar bin sawu, kuma ba sai da intanet ba. Kira shagon da lambar odarka su karanto maka ita. In ta gidan waya kayan suka taho daga wata ƙasa zaka ga baƙaƙe 13 ne, haruffa biyu a gaba, lambobi tara a tsakiya, haruffa biyu na ƙasar da aka aiko a ƙarshe, ka kai ta gidan wayar da ke kusa da kai su duba maka. Manyan kamfanonin aika kaya kuma suna da layin waya. Ka tabbata lambar wayarka tana jikin kwalin, don in kwastam suka riƙe kayan ko mai kawowa ya rasa gidanka, da ita kaɗai za a neme ka. Wanda adireshinsa ke da wuyar samu ya tambaya ko za a iya ajiye masa a gidan waya ko ofishin kamfanin ya je ya ɗauka da katin shaida.

Me yasa suka ce ba za su aiko min da batir ko maganin wankin hoto ba?

Ba rowa bace, dokar sufuri ce. Batirin litiyam yana iya kamawa da wuta, shi yasa tun Afrilun 2016 aka hana loda shi shi kaɗai a matsayin kaya a jiragen fasinja, kuma gidajen waya tsakanin ƙasa da ƙasa basa karɓarsa sai yana cikin na'urarsa. Kenan kamara da batirinta a ciki zata iya tahowa, batir biyu na ƙari a kwali kuma a ce a'a. Maganin wanki na ruwa shi ma wasunsa ana lissafa su cikin kaya masu haɗari, sai ta mota ake aika su, basa hawa jirgi. Dabarar da masu wankin baƙi da fari suka daɗe da sani ita ce a sayi na gari, irin D-76 ko ID-11, ka dama abinka da ruwa a gida, ya fi sauƙin aikawa ya kuma fi daɗewa a ajiye. Tun kana kan waya ka tambaya wanne cikin kayanka yake da takunkumi, kar abu ɗaya ya riƙe maka oda gaba ɗaya.

Fim fa, ba zai lalace a hanya ba?

Zafi da na'urar haska kaya su ne abokan gabarsa, kuma mai saurin kama haske, wanda lambar ISO ɗin da ke jikin kwalinsa ta kai 800 zuwa sama, shi ya fi saurin jin jiki. Faɗi girmansa daidai, 35 ne ko 120 ko na falle, sannan ka tambayi ranar ƙarewar da ke jikin kwalin tunda kai ba zaka gani ba sai ya iso. In matafiyi ne zai taho maka da shi, kar ya saka a akwatin da ake lodawa a cikin jirgi, ya riƙe a jakar hannu ya roƙi a duba da hannu, saboda sababbin na'urorin filin jirgi masu haskawa ta kowane ɓangare suna iya ɓata fim a wucewa ɗaya. Batirin ƙari ma a jakar hannu doka ta ce a riƙe shi. Da ya iso ka sa shi a wuri mai sanyi, in daga firji ka ciro ka bari sanyin ya sake shi kafin ka buɗe.

Ba gara kawai na sa wani mai intanet ya yi min ba?

Sau da yawa hakan ya fi sauri, kuma wasu rangwamen a intanet kaɗai ake samunsu. Amma ka ba shi takardar nan da na faɗa a amsar shiri kafin kira, kar ka bar shi ya zaɓa maka da hoto, wanda bai san kamara ba duk batir iri ɗaya ne a idonsa. Sannan rasit ɗin ya fito da sunanka, a buga maka shi a takarda, domin ranar da kamara ta samu matsala shi za a tambaya. Shagon kamara na kusa da kai ma yana iya yi maka odar ya ɗora ribarsa, kuma ni a ganina ribar nan ba asara bace in dai zaka buɗe kwalin a gabansa ka gwada kafin ka tafi.

In kaya suka zo ba daidai ba ko a fashe, ya zan yi?

In kwalin ya nuna alamar duka ka sa mai kawowa ya rubuta hakan kafin ka sa hannu. Sannan ka kira shagon a ranar, su baka lambar izinin mayarwa, ka rubuta ta a jikin kwalin waje, kayan da aka mayar babu wannan lambar suna iya yin kwanaki babu wanda ya san na waye. Kar ka yar da komai, kwali, leda, katin garanti, igiya. Fim da takardar hoto da magani da aka buɗe galibi basa komawa.

Doka kuma bata ware mai waya daga mai intanet ba. A Tarayyar Turai da Ingila wanda ya sayi kaya daga nesa, ko ta waya ko ta wasiƙa, yana da kwana 14 daga ranar da suka iso ya fasa. A Amurka dokar ta ce shago ya aika kaya cikin lokacin da ya yi alkawari, in bai faɗi lokaci ba cikin kwana 30, in ya kasa ya sanar da kai ka zaɓi jira ko karɓar kuɗinka. Wa'adin mayarwa a can kuwa tsarin kowane shago ne, ka tambaya tun kafin ka biya.

Zan iya sayen kamarar da aka yi amfani da ita ban ganta ba?

Ana yi, tun zamanin kundi ake yi. Masu wannan harka suna da matakan da suke ba kaya, KEH misali nasu ya taso daga kamar sabo har ya sauka zuwa wanda su da kansu suke kira mummuna. Kar ka tsaya a matakin kaɗai, tambayi mai wayar sau nawa kamarar ta ɗauki hoto, ko akwai fumfuna ko hazo ko ƙarzuwa a cikin idon, ko caja da batir suna ciki, da kwana nawa kake da su ka mayar in bata yi maka ba. In ya kasa amsa waɗannan ka nemi wani shagon.

Na ga talla a takarda da arha mai ban mamaki, na saya?

Yi hattara. Tsohuwar dabara ce, a sa farashin da ya karya na kowa, ka kira, sai a ce maka ai wannan babu batir babu caja sai ka saya daban da tsada, in ka ƙi kuma nan take kayan ya ƙare. Kamara sabuwa da batirinta take fitowa daga kamfani. Wani lokacin kuma arhar ta kayan bayan fage ce, wato an shigo da su ba ta hannun wakilin kamfanin ba, kayan na gaske ne amma kamfanin yana iya ƙin gyara maka su a kan garanti. Tambaya ɗaya ce take warware wannan, garantin na waye, kuma yana aiki a ƙasar da nake? Ka haɗa da tambayar wuta, cajar kamara yawanci tana ɗaukar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, amma fitilun sutudiyo da injin faɗaɗa hoto wasunsu na 120 ne kawai, ka jona su a 230 su ƙone.

Kayan sun iso lafiya, akwai sauran abin da zai buƙaci intanet?

Akwai, kuma gaskiya nan ne abin ya fi damuna, don saye ya fi sauƙi a kan abin da ke biyo bayansa. Kamfanoni da yawa yanzu ɗan siririn littafin farawa suke sakawa a kwali, cikakken bayanin mai shafuka ɗaruruwa sun bar shi a intanet, mutum ya biya kuɗin kamara mai tsada a bar shi yana lalube. Tambayi shagon ko suna sayar da bugaggen littafin, in babu ka sa a sauke maka a buga. Sabunta manhajar cikin kamara ma haka, ana sauke ta ne a saka a katin memori, kamarar ta karanta da kanta, saboda haka kowa zai iya sauke maka, kai dai ka tabbata ta samfurin kamararka ce kuma batir a cike yake, kar ta mutu ana tsaka da aikin. Wurin gyara na kamfanin su ma suna yi.

Manhajar gyaran hoto ita ce babbar. Tun 2013 Adobe, masu manhajar Photoshop, suka koma biyan wata-wata ko shekara, kuma sai kwamfuta ta leƙa intanet lokaci zuwa lokaci ta tabbatar ka biya, in ta daɗe bata leƙa ba aiki ya tsaya. Wanda ba shi da intanet ko kaɗan ya duba GIMP da darktable da RawTherapee, kyauta ne, a ɗora maka daga filas sau ɗaya su yi ta aiki.

Zan iya aika fim ɗina a wanke min ta gidan waya kamar da?

Har gobe ana yi. Dwayne's Photo da ke jihar Kansas ta Amurka, waɗanda su ne na ƙarshe a duniya da suka wanke Kodachrome, fim mai kala na Kodak, har suka daina karɓa a ƙarshen 2010, da fim ɗin da ake aiko musu ta gidan waya suka yi suna. Rubuta a takarda irin wankin da kowane fim yake so, C-41 na mai kala, E-6 na silaid, ko baƙi da fari, ka saka su a leda cikin ƙaramin kwali mai ƙarfi ba ambulan ba, don injin gidan waya yana murƙushe gwangwanin. Abin da zaka jaddada da manyan baƙaƙe shi ne a dawo maka da negatif ɗinka da hotuna a takarda, in kana son na kwamfuta a saka a filas ko faifai, domin wurare da yawa yanzu hanyar saukewa kawai suke turawa ta imel, wasu ma basa dawo da negatif sai ka nema kuma ka biya kuɗin aikowa.